TABA SIGARI: ABIN DA MALAMAN DA BA SU GANI BA

Tun da taba ta shigo ƙasashen Musulmi, wajen ƙarshen ƙarni na 16, malamai ke jayayya a kan hukuncinta. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya halatta ta. Shehu Ibrahim Laƙƙani na Masar, wanda ya rasu a 1631, ya wallafa littafi sukutum yana hana ta, alhali kuwa dukkansu Malikawa ne. Har gobe mashaya kan fake da wannan saɓani, su ce ai iyakarta makaruhi.

To, amma ya kamata 'yan'uwa su lura. Muhawarar magabata ta fi karkata ne ga ko taba na sa maye ko ba ta sa. Ba su da na'urar leƙa huhun mutum. A 1950 masu bincike biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, su ka nuna alaƙarta da sankarar huhu, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka.

Ga yadda ɓarnar ta ke. A cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu na haddasa sankara. Nikotin shi ne mai kama mutum, ya hana shi sakat sai ya kunna wata. Kwalta na liƙewa a huhu. Wata iska mai guba kuma ta shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke bukata, zuciya ta yi ta wahala. Daga nan sai tari marar ƙarewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa sa ta a baka ba: uwargida, da 'ya'ya, da yaron kanti, da akawun da ke tebur ɗaya da mashayi. Nan ne batun haƙƙi ya shigo. Ko da an bar wa mutum huhunsa, wa ya ba shi na iyalinsa? Shisha da samari ke yayi ma ba ta tsira ba, ruwan tulun ba ya wanke gubar.

A Nijeriya, dokar 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Alhaji mai kanti, a tambayi yaran shago yadda su ke sayarwa in ba ka nan.