Kowane Yaro Yana Bukatar Babba A Kusa Da Shi

 Yau za mu yi magana a kan 'ya'yanmu masu shekara 10 zuwa 14, da yadda za mu tsare su daga shan ƙwaya.

Da yawa daga cikinmu nan Maiduguri mun baro Gwoza da Chibok da Askira ne saboda rikicin da ya tsananta a 2014. A ƙauye, yaro yakan bi kakansa gona, da dare kuma ya zauna hira gaban manya. Gudun hijira ya raba mu da wannan. Uba ya fita neman abinci tun asuba, uwa tana kasuwa, kaka kuwa ta rasu ko tana wani gari. To, wa ke zama da yaron?

Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ne kuma aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Amma doka ba ta zama da yaro da yamma. Sau da yawa wani saurayi ne da ya girme shi yake fara miƙa masa tiramadol ko sholisho. Tiramadol maganin ciwo ne, amma jiki yakan saba da shi, ya riƙa neman ƙari, har ya kai ga faɗuwa kamar mai farfaɗiya.

Tun da na gaba ne ke jan yaro cikin rami, na gaba ne kuma zai riƙe hannunsa. Ku duba 2 Timoti sura 1. Kafin Bulus ya ɗauki Timoti kamar ɗansa, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki sun riga sun rene shi cikin bangaskiya.

Saboda haka muna roƙon kowane dattijo, da zumuntar mata da ta maza: ku zaɓi yaro ɗaya, da sanin iyayensa. Ku gan shi kowane mako. Ku koya masa sana'arku, ko ɗinki ne ko kafinta. Ku yi masa magana da harshen gida, Bura ko Margi ko Glabda, domin ya san yana da tushe. Ku san abokansa. Ku saurare shi kafin ku tsawata.

In yaro ya riga ya fara, kada a ɗaure shi, kada a ɓoye don kunya. Asibitin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke hanyar Baga yana kula da irin wannan. Ku raka shi, ku yi addu'a tare da shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu zuciyar yin wannan aiki. Amin.