Wa ya kamata a fara miƙa wa na'ura a aji, malami ko ɗalibi?

A shekarar 2005 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shawarar da ta ɗauki hankalin duniya: a ƙera kwamfutar da ba za ta wuce dala 100 ba, a ba kowane yaro tasa, shi ke nan yaran talakawa sun kamo na masu hali. Najeriya na cikin ƙasashen da aka fara gwaji, a wata firamare da ke Galadima a gefen Abuja, cikin 2007. Farashin dai bai tsaya inda aka yi alkawari ba, sai da ya doshi dala 200, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba, sannan masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bi makarantun ƙauye 319. Bayan wata 15 sai suka tarar a makarantun da aka raba wa kayan kusan kowane yaro yana da kwamfuta, ya kuma iya sarrafa ta, amma makin lissafi da na karatu yana nan inda yake. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: an kawo kayan aiki ba a faɗi aikin da za su yi ba, kuma malamin da zai haɗa su da darasi bai samu horon kirki ba.

Kenya ta bi ta wata hanyar, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A wani gwaji da aka yi a yankin Kisumu an raba makarantu gida uku: a wasu aka ba yara na'urar karanta littafi, a wasu aka ba malamai kwamfutar hannu, a sauran kuwa jami'an da ke zagayawa suna duba malamai kaɗai aka ba. Duk rukunan uku sun samu littattafai da horo iri ɗaya, duk kuma karatun yaransu ya ƙaru, ba tare da wani ya yi wa wani fintinkau ba. Bambancin yana wajen kuɗi, domin na'ura ɗaya a hannun mai duba malamai tana hidimar makarantu da yawa, ta hannun yaro kuwa shi kaɗai take yi wa. Da aka tashi shirin Tusome a 2015, wanda ya game firamaren gwamnati a duk ƙasar, sai aka ba kowane yaro littafin takarda, malami jagorar darasi, mai dubawa kuma kwamfutar hannu. Da ita yake rubuta abin da ya gani a aji, ya saurari karatun yara biyu ko uku, ya tura sakamakon ta intanet, har a san ko ya je makarantar da ƙafarsa ko a gindin bishiya ya cike takarda. Ke nan fasahar ta tare wata kafa ce da kowa ya san tana yoyo, shi ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Jihar Edo ta ɗauki makamancin wannan a 2018 da shirin EdoBEST, inda darasin kowace rana ya riƙa zuwa wa malami a na'urarsa.

Mai ja zai ce: to ai malaman ne babu, inda suke ma aji ɗaya ya cika ya batse, me zai hana na'ura ta koyar? Hujjarsa mafi ƙarfi tana Indiya. A birnin Delhi an gwada wata manhaja mai suna Mindspark a kan ɗalibai kusan 600, cikin wata huɗu da rabi kuma suka yi gaba sosai a lissafi da harshen Hindi. Sai dai a duba abin da manhajar ta yi. Ta fara ne da auna kowane yaro, ta gano cewa ɗan aji shida sau da yawa lissafinsa na aji uku ko huɗu ne, sai ta riƙa ba shi aiki daidai ƙarfinsa, abin da malami ɗaya mai yara tamanin ba zai iya ba ko da ya so. Kuma an yi ne a cibiyoyi masu wutar lantarki bayan an tashi daga makaranta, rabin lokacin a gaban kwamfuta, rabin tare da mai koyarwa. Akwai kuma batun harshe, wanda masu tallar na'ura kan tsallake: yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ba, manhajar Turanci hoto kawai za ta nuna masa. Shi ya sa littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato suka fi kusa da bukatar ɗan aji ɗaya.

Wani kuma zai ce darasin da aka rubuta wa malami a na'ura ya mai da shi aku. Akwai gaskiya a ciki, ƙwararren malami zai ji an ɗaure masa hannu. Amma ga wanda aka tura aji bai taɓa ganin yadda ake koyar da karatu ba, jagorar sanda ce, zai iya ajiye ta in ƙafa ta yi ƙwari.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara da masu zana jarrabawa na kashin kansu a 2024. Ɗalibin da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya ɗora yatsa a madannai, an cuce shi tun bai karanta tambaya ba. Wannan haka yake, sai dai koyon kwamfuta daban, koyo da kwamfuta daban. Na farkon bai bukatar kowane yaro ya rataya tasa zuwa gida. Ɗaki guda ya isa a kowace sakandare, da kwamfutoci gwargwadon aji ɗaya, da sola, da jadawalin da zai sa kowane ɗalibi ya zauna a gabanta kowane mako. Abin da kan kashe irin waɗannan ɗakuna shi ne ana ware kuɗin saye, a manta da na gyara, da batir, da data, da albashin wanda zai riƙe makulli. Ranar buɗewa akan yanke ƙyalle a ɗauki hoto, bayan zango biyu batir ya mutu, shugaban makaranta ya garƙame ɗakin don gudun kada a ce a hannunsa kaya suka lalace.