Me ya sa wutar da ke gyara lotsewar ƙarfe ke lalata jikin motar alminiyum?

Duk wanda ya taɓa zama a garejin masu gyaran jikin mota ya san yadda aikin yake: a hura wa wurin da ya lotsa wutar gas har ya yi ja, a bi shi da guduma. Wannan dabara ta ƙarfe ce. A kan alminiyum, tana iya jawo wa mai mota asarar bonet ko ƙofa sukutum.

Motocin alminiyum kuwa sai ƙaruwa suke yi a cikin waɗanda ake shigowa da su. Audi A8 ta fito da irin wannan jiki tun 1994, Ford ta mayar da jikin F-150 alminiyum daga samfurin 2015, wasu motocin kuma bonet ɗinsu kaɗai ne alminiyum. Gane shi ba wuya: a ɗora maganaɗisu, in bai kama ba, ba ƙarfe ba ne.

Matsalar ita ce alminiyum ba ya gargaɗi. Ƙarfe yana canza launi tun kafin ya narke a sama da digiri 1,400, don haka ido ya isa. Alminiyum yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ba. Mai gyara yana jiran launi, sai kawai ya ga rami. Ko bai ɓule ba, zafin da ya wuce kima yana kashe masa ƙwari har abada.

Duk da haka, ɗumi na da amfani, domin alminiyum yana ƙara tauri idan ya lanƙwashe, kuma buga shi a sanyaye na iya tsaga shi. Ƙwararru kan tsaya tsakanin digiri 200 zuwa 300, ko ƙasa da haka idan kamfanin motar ya ce, suna aunawa da wani alli na musamman da ke narkewa idan an kai zafin da aka sa masa. Zafin kuma yana saurin yaɗuwa, ga shi yawancin sassan da gam da ribit aka haɗa su, gam kuwa ba ya jure wuta.

Sai batun kayan aiki, wanda aka fi rainawa: gudumar da ta daki ƙarfe tana barin ɓurɓushi a kan alminiyum, daga baya wurin ya fara cinyewa a ƙarƙashin fenti. Idan kuma lotsewar ta kai ga ginshiƙin da ke riƙe da motar, kamfanoni da dama sauyawa suke cewa a yi, ba gyara ba.