Baiwar Allah: Baƙuwar Da Ke Sheƙa A Gidajenmu

Duk wanda ya taso a Basirka, ko wani gari tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ya san 'yar tsuntsuwar nan da ke sauka tsakar gida idan iyayenmu mata na surfe ko bakace. Ita ce baiwar Allah. A wannan makon mun ga ya dace mu san ta sosai, domin lokacin sheƙarta ne, kuma da yawanmu muna yi mata ɓarna da rashin sani.

Tsawonta bai wuce santimita 10 ba. Namijin ja ne, macen kuwa ruwan ƙasa ce, da ɗan ja kusa da ido da saman wutsiya. Abincinta 'ya'yan ciyawa ne da tsakin da ya zube a ƙasa. Shi ya sa ta fi hayayyafa daga ƙarshen damina zuwa rani, lokacin da ciyawa ta zubar da iri.

A ina take sheƙa? A jinkar ɗaki, ko rumfa, ko ramin katanga, ko cikin duhun lallen da aka shuka a bayan gida. Da busasshiyar ciyawa ake saƙa ta kamar 'yar ƙwallo mai ƙofa a gefe, a shimfiɗa gashin kaza a ciki. Macen kan saka farin ƙwai 3 zuwa 6. Ita da namijin ke karɓa-karɓar kwanci har kwana 11 ko 12. Bayan ƙyanƙyasa, 'ya'yan kan yi kusan mako biyu da rabi kafin su tashi.

Ga abin mamaki. Akwai wani ɗan tsuntsu baƙi wuluk mai sheƙi, mai yawan kuka a kan reshe ko wayar wuta. Shi da macensa ba sa yin sheƙa ko kaɗan. Macen takan faki ido ta shiga sheƙar baiwar Allah ta ajiye ƙwanta. Idan aka ƙyanƙyashe, alamomin da ke cikin bakin ɗanta iri ɗaya ne da na 'ya'yan masu gida, don haka sai a ciyar da shi tare da su. A nan yake koyon kukan baiwar Allah, idan ya girma kuma da wannan kukan yake kiran mace. Bin diddigin irin wannan kwaikwayo ne ya kai masana ga gano wata sabuwar 'yar'uwar baiwar Allah a duwatsun Jos, wadda aka bayyana wa duniya a 1998.

Wasu na haɗa ta da jan baki, tsuntsun da ke zuwa dubu-dubu ya cinye gero da shinkafa a fadamun Haɗeja. Ba ɗaya ba ne. Baiwar Allah bibbiyu take yawo ko 'yan kaɗan, kuma a ƙasa take tsince-tsincenta.

To, mene ne namu? Idan muka ga sheƙa, kada mu riƙa leƙe ko zura hannu. Yawan zirga-zirga na hana iyayen kwanci, yana kuma nuna wa mage hanya. Mu dakata da sassabe lallen ko gyaran jinkar har 'ya'yan su tashi, wata guda ne kawai. Mu ajiye ruwa a kasko mara zurfi a inuwa, muna canza shi kullum saboda sauro. Idan ɗan da bai yi gashi ba ya faɗo, mu mayar da shi a hankali mu bar wurin. Masu danƙo kuma, mu tambayi kanmu: wane nama ne a jikin abin da bai cika tafin hannu ba? Rana guda da muka ɗebe 'ya'ya don wasa, wahalar iyayensu ta wata guda ta tafi a banza.

Ga aikin da muka ba kanmu. Duk wanda sheƙa ke gidansu ya zauna daga nesa, ya rubuta ranar da ya fara gani da abin da iyayen ke yi. Ya kawo mana, za mu liƙa a wannan allo.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta