A Auna Kafin A Saya: Fistan Da Zobban Tsohon Babur

A shekarar 1975, sa'ad da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji, da yawa daga cikinsu sun sayi babura. Har yau akan ga irinsu, kamar Honda C70 da CD175, a jingine a zaure ko bayan ɗaki a Kafanchan da Kagoro da Kwoi. Duk mai niyyar ta da irin wannan babur, ya kamata ya san halin da fistan da zobbansa suke ciki tun kafin ya kashe ko kwabo.

Aikin Fistan Da Zobba

Fistan shi ne ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda. Zobba kuwa, waɗanda makanikai ke kira ring, su ne ke tare ƙarfin wuta kada ya tsere, su kuma hana baƙin mai hawa sama. Babban abokin gabarsu shi ne ƙura. Babur ɗin da ya shekara yana ɗaukar citta a hanyoyin jar ƙasa, musamman da hunturu, in matatar iskarsa ta yage, ƙura za ta riƙa cin silinda kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa.

Alamu

Babur yakan ƙi tashi, ya kasa hawa tudu, ya riƙa shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi yana fita ta salansa. A lura, injin da ake gauraya wa fetur da mai, kamar na Vespa, ɗan hayaƙi ɗabi'arsa ce. Kafin a kwance injin, sai a cire filogi, a auna matsin iska, a zuba ƙaramin cokali na baƙin mai, a sāke aunawa. In matsin ya ƙaru, zobba ko silinda ne suka cinye. In bai ƙaru ba, a duba bawul.

Yadda Ake Aunawa

1. A sa zobe shi kaɗai cikin silinda, a tura shi da kan fistan ya daidaita, sa'an nan a auna tazarar bakinsa da ma'auni mai siraran ƙarafa. Akan so kimanin milimita 0.1 ga kowace milimita 25 ta faɗin silinda. Watau a C70, mai faɗin milimita 47, wajen 0.2 ke nan.

2. A kankare baƙin da ya daskare a gurbin zobe a jikin fistan. In sabon zobe yana rawa sama da ƙasa a ciki, fistan ya gama aiki.

3. A auna faɗin fistan kusa da gindinsa, a gicciye da ramin fil, domin nan ne ya fi faɗi. A duba tsaguwa da zane.

4. A auna silinda a sama da tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. Sama ce ta fi cinyewa; in farce ya maƙale a wani ɗan tudu kusa da baki, alama ce.

A gwada kowane awo da iyakar da ke cikin littafin kamfanin da ya ƙera babur ɗin.

Abin Lura

Kuskuren da aka fi yi shi ne sa sababbin zobba cikin silindar da ta riga ta buɗe. Hayaƙi yakan ɗauke na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo, an yi asarar kuɗi da aiki. Daidai shi ne a kai silinda wurin mai injin faɗaɗawa tare da sabon fistan, a yanka ta daidai da shi. Honda takan yi fistan mai ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00.

Wajen haɗawa, gefen zobe mai tambari shi ke kallon sama, kada kuma bakunan zobba su zo a jere. Bayan an gama, a yi tafiya a hankali na kimanin kilomita 500 na farko, a juye baƙin mai, a riƙa wanke matatar iska. Rigakafi ya fi magani.