Rola-Kosta: Jirgin Hawa da Gangara da Yadda Ƙirarsa ke Sauyawa

Rola-kosta wani ɗan jirgi ne mai buɗaɗɗun taragai da ke gudu a kan dogo na musamman a wuraren shaƙatawa. Yana hawa, yana gangarowa, yana lanƙwasa, wani lokaci har ya juye da mutane kai ƙasa, sannan ya mayar da su inda ya ɗauke su cikin minti biyu ko uku. Yawancinsu ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan taragan zuwa ƙwanƙolin tudu na farko, daga nan a sake su, nauyinsu ya fisgo su ƙasa, gudun da suka samu ya haye da su tudu na gaba. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga tudu a kan keke ba tare da ya taka feda ba ya san yadda abin yake. Shi ya sa a ƙirar gargajiya tudun farko ne ya fi tsawo, domin iska da gogar ƙafafu suna cin ƙarfin jirgin a hankali.

Asalin wasan daga Rasha ne. A ƙarni na 17 mutanen can sukan gina tudun katako, su lulluɓe shi da ƙanƙara, su riƙa sulalowa a kansa lokacin hunturu. Faransawa suka ɗauki dabarar suka sa mata ƙafafu, har aka buɗe irinsa a Paris a 1817, kuma har gobe "tsaunukan Rasha" suke kiransa. A Amurka kuwa, wani dogo da aka shimfiɗa a Mauch Chunk ta jihar Pennsylvania a 1827 don gangaro da kwal ne ya koma abin hawan nishaɗi. A 1884 LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island da ke New York. Gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, kuɗin hawa senti 5, amma jama'a sun yi ta dogon layi.

Abin da ya ba jirgin damar yin gudun da yake yi yau ƙaramin abu ne da mai hawa ba ya ko lura da shi. A 1919 John Miller ya yi rajistar wata ƙafa da ke kama dogo ta ƙasa. Idan aka duƙa aka leƙa ƙarƙashin tarago na zamani za a ga ƙafafu kashi uku sun rungume dogon: ɗaya a sama tana ɗauke da nauyi, ɗaya a gefe tana riƙe da shi a kwana, ɗaya a ƙasa tana hana shi tashi. Da wannan runguma ne tarago ke iya faɗowa kusan a tsaye bai bar hanya ba. Ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da ake ji lokacin hawan tudu kuwa, wani ƙarfe ne ke faɗawa cikin haƙoran dogo ɗaya bayan ɗaya, don ko sarƙa ta tsinke jirgin ba zai koma da baya ba. Shekarun 1920 sun zama lokacin bunƙasar jiragen katako, kuma Cyclone na Coney Island da aka buɗe a 1927 yana aiki har yanzu. Matsin tattalin arzikin shekarun 1930 da Yaƙin Duniya na Biyu suka durƙusar da sana'ar, aka rushe wurare da dama.

Ƙarfe ne ya buɗe sabon babi. A 1959 Disneyland ta buɗe Matterhorn Bobsleds, wanda dogonsa bututun ƙarfe ne da ake iya lanƙwasawa yadda ake so. Sai dai juya mutum kai ƙasa yana da wata matsala da ta daɗe tana damun masu ƙira: idan madaukin ya zama cikakkiyar da'ira, matsin da ke danna mutum a kujera lokacin shiga yana yin yawa, har ya kan taɓa wuya. Injiniyan Jamus Werner Stengel da maƙerin jirage Anton Schwarzkopf suka warware ta a jirgin Revolution na Kaliforniya a 1976, inda suka yi madaukin da siffar ɗigon ruwa a kife, mai sassaucin lanƙwasa a ƙasa da tsukakkiyar lanƙwasa a sama, ta yadda matsin ke shigowa sannu a hankali. Wannan ita ce zuciyar sana'ar. Gwanintar mai ƙira tana cikin sanin iya nauyin da jikin ɗan Adam zai ɗauka, da tsawon daƙiƙun da zai jure, da kuma inda za a bar shi ya ji kamar ya tashi daga kujera ba nauyi a jikinsa.

Daga nan gasar tsawo ta kankama. Wurin shaƙatawa na Cedar Point a jihar Ohio ya gina Magnum XL-200 mai mita 62 a 1989, ya ƙara da Millennium Force mai mita 94 a 2000, sannan Top Thrill Dragster mai mita 128 a 2003. Shekara biyu bayan haka Kingda Ka na jihar New Jersey ya kai mita 139, yana harba mutane daga tsaye zuwa kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi. A 2010 Formula Rossa na Abu Dabi ya kai kilomita 240 a awa, gudun da ya sa dole masu hawa su sa tabarau na kariya saboda yashi da ƙwari.

Gasar ta zo da tsadarta. Na'urar matsin mai da ke harba jirage irin Kingda Ka tana da wuyar kulawa kuma tana yawan tsayawa, ga shi hawan Kingda Ka gaba ɗaya bai kai minti ɗaya ba bayan dogon jira a layi. An rufe shi a ƙarshen 2024, aka rushe shi a Fabrairun 2025. Faɗuwar jirgin da ya yi kusan shekara ashirin yana riƙe da kambun tsawo ta nuna inda masu wuraren suka mayar da hankali, kuma sun yi daidai: abin da ke dawo da mutum karo na biyu shi ne daɗin tafiyar daga farko zuwa ƙarshe.

Yanzu maganaɗisu ne ke tashe. Ana jera na'urorin lantarki a kan dogo, su ja tarago su tunkuɗa shi gaba ba tare da wani abu ya taɓa wani ba, don haka lalacewa ta ragu. Wannan ya karya tsohuwar ƙa'idar tudun farko, tunda ana iya ƙara wa jirgi gudu a tsakiyar hanya, a tsayar da shi, ko a mayar da shi da baya. Jirgin Hagrid da Universal ta buɗe a Orlando a 2019 ana harba shi har sau bakwai, yana ratsa daji da kango da aka gina bisa labarin Harry Potter, kuma iyali na iya hawa tare. Irin wannan haɗa gudu da labari, da sassauta tsanani don yara manya da iyayensu su samu shiga, yana kawo ciniki. Tsofaffin jiragen katako ma sun sami mai ceto: kamfanin Rocky Mountain Construction yana cire dogonsu ya ɗora na ƙarfe a kan tsohon ginin, kamar yadda ya yi wa New Texas Giant a 2011 da Steel Vengeance a 2018. Jirgin da a da yake girgiza haƙora sai ya koma santsi, har yana juyawa kai ƙasa.

Duk wannan yana tsaye ne a kan tsaro. Ana raba dogo kashi-kashi, kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga wani kashi sai na gabansa ya fita. Birkin maganaɗisu na dindindin yana aiki ko wuta ta ɗauke. Amma na'ura ba ta isa ita kaɗai ba. A Yunin 2015 jirgin The Smiler na Alton Towers a Ingila ya yi karo da wani tarago da ba kowa a ciki, bayan ma'aikata sun sake shi duk da kwamfuta ta tsayar da shi. Mata biyu matasa suka rasa ƙafa ɗaya kowacce, kotu ta ci kamfanin da ke da wurin tarar fam miliyan 5. Saboda haka horar da ma'aikata da duba dogo kowace safiya ba abin sakaci ba ne, kuma sharaɗin tsawon yaro da ake aunawa a ƙofa ya cancanci iyaye su girmama shi, domin ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an ƙera shi ne da awon jiki.

Kasuwar ma ta matsa gabas. Masu ƙira har yanzu galibi Turawa ne, irin su Intamin, da Bolliger & Mabillard na Siwizalan, da Vekoma na Holan, da Mack na Jamus, amma manyan masu saye sun haɗa da Sin, inda aka gina wuraren shaƙatawa masu yawa tun daga shekarun 2000, da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. A can ne gasar kafa tarihi ta sake samun masu kuɗin ɗaukar nauyinta. A Ƙiddiyya, kusa da birnin Riyad na Saudiyya, Intamin ta gina Falcons Flight, wanda ke amfani da maganaɗisu ya haye tsaunin Tuwaiƙ sannan ya faɗo daga bakin dutsen. Tsawon dogonsa ya haura kilomita 4, gudunsa ya kai kilomita 250 a awa, kuma shi ne ya karɓe kambun gudu daga Formula Rossa da na tsawon dogo daga Steel Dragon 2000 na Japan.