Majami'ar Mala'ika Mika'ilu da Ke Ƙolin Dutsen Aiguilhe

A gefen garin Le Puy-en-Velay da ke kudancin tsakiyar Faransa akwai wani dutse mai tsawon mita 82, a miƙe kamar taɓarya. Ragowar maƙogwaron dutse mai aman wuta ne. Ruwa da iska suka cinye ƙasar da ke kewaye da shi, suka bar shi tsaye shi kaɗai. A ƙolinsa ne aka ɗora wata 'yar majami'a da ake kira Saint-Michel d'Aiguilhe, kuma mai son shiga sai ya hau matakala 268 da aka sassaƙa a jikin dutsen.

An gina ta wajen shekara ta 961, zamanin Bishof Godescalc, wanda kimanin shekara goma kafin nan ya yi tattakin ziyara zuwa Santiago de Compostela a Sifen. Wani babban limamin cocin garin mai suna Truannus ne ya ɗauki nauyin aikin. Ginin farko ɗan ɗaki ne mai kusurwa huɗu. Da masu ziyara suka yawaita a ƙarni na 12 sai aka faɗaɗa shi, amma ina fili? Dole magina suka bi bakin dutsen yadda ya karkata, shi ya sa cikin majami'ar ya lanƙwashe, ginshiƙai suna zagayawa ba a kan layi ba. A ganina wannan rashin daidaiton ne kyanta.

Fuskar ƙofar ita ce ta fi jan masana. An jera duwatsu baƙaƙe da jajaye da farare, ga baka mai kunnuwa uku a saman ƙofa, irin wanda duk wanda ya san babban masallacin Ƙurɗuba zai gane. Masanin Faransa Émile Mâle ya danganta salon da Andalus, sannan Ahmad Fikry, ɗan Masar, ya wallafa littafi a 1934 kan tasirin fasahar Musulunci a gine-ginen Le Puy. Wasu masanan da suka biyo baya sun ce an zuzuta tasirin. Ko ma dai yaya ne, ɗaya daga cikin hanyoyin masu ziyara zuwa Sifen daga wannan gari take tashi, kuma matafiyi ba ya dawowa da ido rufe.

Tsayi ya kare ta daga masu rushe tsoho don gina sabo, amma bai kare ta daga sama ba: tsawa ta faɗa wa hasumiyarta a 1245, sai a ƙarni na 19 aka sake gina ta. Zane-zanen bango kuwa, hannun mutane ne ya fi cutar da su, domin an taɓa shafe su da farar ƙasa. A 1840 majami'ar ta shiga jerin farko na gine-ginen tarihi da gwamnatin Faransa ta ɗauki alhakin karewa, lokacin da wani jami'inta mai suna Prosper Mérimée ke duba irin waɗannan wurare. Daga baya aka kankare shafen, hotunan ƙarni na 10 da na 12 suka bayyana, wasu sun dushe ba gyara.

A 1955 ma'aikata suna gyaran bagadi suka tarar da kayan da aka ɓoye a ciki, har da ƙaramin gicciyen katako mai fenti. Yanzu suna nan a bango bayan kariya.

Aikin da ba ya ƙarewa shi ne na dutsen kansa. Ruwa yana shiga tsagogi, sanyin hunturu ya daskarar da shi, dutse ya tsage, ga gidajen ƙauyen Aiguilhe a ƙasa. Duk kayan gyara kuma sai an hau da su har ƙoli.